Babi na Shida: Kuɗin Ƙofa da Lissafin Maigida

Duk wanda ya san garin Madarunfa, ya san tafkinsa da masuntansa da kaburburan waliyyai 99 da ake ziyarta a kewayensa, ya kuma san cewa daga nan zuwa birnin Maraɗi tafiya ce wadda ba ta kai sa'a guda ba a mota, lalle zai yi mamaki idan aka gaya masa cewa a garin akwai magidanta da yawa masu son ƙwallon ƙafa so na haƙiƙa, waɗanda ba sa barin wasan Barcelona ko na Real Madrid ya wuce su a gidan kallo, amma ba su taɓa riƙo hannun ɗansu ko guda sun kai shi filin wasa na Maraɗi ya ga wasan gasar ƙasa da idonsa ba. Ba kuwa don ƙasar ba ta da tarihin ƙwallo ba ne. Jangorzo ta Maraɗi ta ɗauki kofin zakarun Nijar a 1983, a zamanin da kusan kullum kofin nan yake kwana a Yamai, kuma har yau akwai dattawa da suke ba da labarin shekarar da alfahari. Ga ƙungiyar Ɗan Kasawa, wadda ta ɗauki sunan sarkin da ya kafa sarautar Katsinawa a Maraɗi. Ga shi kuma a watan Fabrairu na 2019, da Nijar ta karɓi baƙuncin gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 20, a filin Maraɗi ne Senegal da Mali da Burkina Faso da Gana suka yi akasarin wasanninsu na rukuni, har Mali ta je ta ɗauki kofin. Saboda haka mas'alar da za mu duba a wannan babi ita ce: ta wace hanya ƙungiyoyin ƙwallo a duniya suke jawo iyali zuwa fili da tikiti mai sauƙi, kuma wanne daga cikin dabarun nasu ne zai yi daidai da gidan Bahaushe?

Ya kamata a fara da fahimtar abin da ya sa ƙungiya take kwaɗayin iyali, domin in ba a gane wannan ba sai a zaci rangwamen da ake yi wa yara sadaka ce, alhali kuwa tadbiri ne na ciniki. Manomi idan bai sayar da geronsa yau ba, sai ya mayar da shi rumbu ya jira farashi ya tashi. Amma mazaunin da ba a sayar ba a filin wasa ba shi da rumbu, da zarar alƙalin wasa ya busa usur na ƙarshe ya tafi ke nan har abada. Kuɗin da ƙungiya za ta kashe wajen shirya wasa, na alƙalai da na masu tsaro da na gyaran fili, kusan ɗaya ne, ko mutum 500 suka shiga ko 5,000. Don haka duk yaron da aka shigar, ko da da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ƙari ne a kan abin da ke hannu. Wannan ita ce riba ta kusa. Ta nesa kuwa ta fi ta girma nesa ba kusa ba, domin galibi mutum ba ya canza ƙungiyar da ya fara so yana yaro, kuma wanda mahaifinsa ya kai fili yana ɗan shekara bakwai shi ne zai zo da kansa yana saurayi ya biya cikakken kuɗi, shi ne kuma watarana zai riƙo hannun nasa ɗan.

Mutanen Ingila sun koyi wannan darasi ne bayan sun ɗanɗana kuɗarsu. Bayan masifar filin Hillsborough ta ranar 15 ga Afrilu, 1989, wadda ta yi sanadin rasuwar magoya bayan Liverpool 97, sai rahoton alƙali Taylor ya sa aka wajabta wa manyan ƙungiyoyi su kawar da wuraren tsayuwa su sa kujeru. Da aka kafa gasar Firimiya a 1992 kuɗin talabijin ya shigo, filaye suka yi kyau, aka samu aminci, amma farashi ya yi ta hauhawa shekara bayan shekara har ya zama leburan da kakanninsa suka gina ƙungiyar ba ya iya zuwa da 'ya'yansa. Abin ya kai ga cewa a watan Fabrairu na 2016, da masu Liverpool suka yi nufin kai tikiti mafi tsada fam 77, dubban magoya baya suka miƙe a daidai minti na 77 na wasansu da Sunderland suka fice daga fili, kuma kafin mako ya zagayo masu ƙungiyar suka janye, suka nemi afuwa. A shekarar nan ce kuma ƙungiyoyin Firimiya suka yi ittifaƙi cewa tikitin baƙon da ya bi ƙungiyarsa zuwa wani gari ba zai wuce fam 30 ba. Ƙananan ƙungiyoyi kuwa, waɗanda ba su da rabo mai tsoka a kuɗin talabijin, sun riga manya farga: suka keɓe sashen iyali a fili inda ba a yarda da ashar, suka riƙa sa ranakun da yaro zai shiga da fam guda, kuma Bradford City, a 2007, tana cikin rukuni na huɗu, ta karya kuɗin tikitin shekara zuwa fam 138, ta sayar da kimanin 12,000, adadin da ya fi na ƙungiyoyi da dama da ke sama da ita.

Jamusawa sun bi wata hanya dabam. Tun 1998 suna da ƙa'idar da ta ce rinjayen ƙuri'a a cikin ƙungiya ya zauna a hannun membobinta, ban da 'yan kaɗan da aka togace, don haka ba a iya tsauwala farashi ba tare da an fuskanci masu shi ba. Sun kuma bar wuraren tsayuwa masu araha, har a filin Dortmund akwai sashe guda da ke ɗaukar kusan mutum 25,000 a tsaye. Amma abin da ya fi jan hankalina cikin al'adarsu shi ne cewa a garuruwa da yawa tikitin wasa shi ne kuma tikitin mota da jirgin ƙasa na cikin gari a ranar wasan, watau sun gane cewa kuɗin hanya yana cikin kuɗin kallo. A 2023 Fortuna ta birnin Düsseldorf ta ƙara gaba, ta ce wasanni uku na gida a kakar za a shiga kyauta, kamfanoni ne za su biya, kuma kafin ƙarshen shekarar Paris FC ta Faransa ta yi irin haka.

To, a nan ne ya wajaba mu tsaya mu yi nazari, kada mu ɗauko riga mu sa ba mu gwada wuyanta ba. Abin da Turawa suke kira tikitin iyali an yanka shi ne a kan gidansu: miji da mata da 'ya'ya biyu. Gidanmu kuwa ba haka yake ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa macen Nijar tana haihuwar 'ya'ya 7.6 a matsakaicin lissafi, na jihar Maraɗi ma ya ɗara haka, kuma kusan rabin mutanen ƙasar ba su kai shekara 15 ba. Maigidan Madarunfa ko na Jiratawa ko na Safo, idan an ce masa ya zo da iyalinsa, ba yara biyu yake gani a zuciyarsa ba. Yana ganin 'ya'yan uwargida da na amarya, da ɗan ƙaninsa da yake riƙo, da almajirin da ke cin tuwo a gidan. Akwai kuma wani abu da mai tsara farashi a ofis ba zai taɓa hasashensa ba sai in ya tashi a irin gidan: mutumin kirki ba zai ɗauki ɗan ɗaki guda ya kai shi Maraɗi kallo ya bar na ɗayan ɗakin yana leƙe a zaure ba, domin ya san maganar da za ta biyo baya, ya kuma san cewa adalci tsakanin 'ya'ya abu ne da za a tambaye shi gobe ƙiyama. Da ya kai biyu ya bar uku, gara ya bar su duka ya tafi shi kaɗai. Haka kuwa yake yi, in ma ya tafi.

Bari mu yi lissafin tare, da ƙaddarawa kawai, don a ga inda nauyin yake. A ƙaddara kuɗin ƙofa dala ɗari ne, watau sefa 500, babba da yaro duk ɗaya, maigida kuma ya fito da yara huɗu. Ƙofa ta ci jika biyu da rabi. A ƙaddara kuɗin mota daga Madarunfa zuwa Maraɗi shi ma dala ɗari ne a kan kowane kai, zuwa da dawowa jika guda, mutum biyar jika biyar. Yaro ba ya zama sa'a uku a rana bai sha ruwa ba, ba ya kuma ganin mai gyaɗa da mai rake suna wucewa ya yi shiru, sai a sa jika guda a wannan. Jimla sefa 8,500. Mafi ƙarancin albashi a Nijar, tun da aka ƙara shi a farkon 2024, sefa 42,000 ne a wata. Ke nan yinin nan guda ya ci humusin albashin, ga wanda ma yake da albashi, balle manomi ko masunci wanda kuɗinsa ke zuwa da lokaci. Mai karatu zai lura cewa a cikin lissafin nan kuɗin ƙofa bai kai sulusi ba. Ƙungiyar da ta rage tikiti da rabi ta zauna tana jiran iyali su cika fili, ba ta rage wa maigida komai ba sai sefa 1,250 cikin 8,500, sa'an nan in ba su zo ba ta ce mutanenmu ba sa son ƙwallon gida. Ni ban yarda da wannan hukunci ba ko kaɗan. Mutumin da nafaƙar gida ta hau kansa, ya auna hatsin mako da kallon yini guda ya zaɓi hatsi, ba marowaci ba ne. Ya gudu daga israfi ne, kuma ya yi daidai. Irin wannan rashin duba aljihun talaka shi ne ya bayyana a gasar kofin Afirka da aka yi a Kodebuwa a farkon 2024, inda tikiti mafi araha ya kasance sefa 5,000, aka riƙa ganin kujeru babu kowa a wasannin farko a ƙasar da ƙwallo ya zama jini da tsoka.

Da jin haka wani zai ce, to a buɗe ƙofa kowa ya shiga kyauta mana, a huta. Wannan magana tana da daɗin ji, kuma 'yan siyasa suna son ta, amma ita ce mafi hatsari ga yaran da muke magana a kansu. A ranar 25 ga Maris, 2016, Nijeriya ta karɓi Masar a filin Ahmadu Bello na Kaduna, gwamnati ta ce a shiga kyauta; jama'ar da aka ƙiyasta sun kai 40,000 suka yi dafifi a filin da ba a gina shi don ya ɗauke su ba, samari suka hau turakun fitilu da allon nuna sakamako, wasu suka zauna a bakin layin wasa, Allah ne kaɗai ya kiyaye aka tashi 1 da 1 ba a rasa rai ba, hukumar ƙwallon Afirka kuma ta ci Nijeriya tara. A filin Olembe na Yawunde kuwa, ranar 24 ga Janairu, 2022, turmutsitsi a bakin ƙofa ya kashe mutum 8, har da yaro. A irin wannan cunkoso ƙato yana iya ƙwatar kansa da ƙarfin kafaɗa, amma ɗan shekara takwas ba shi da abin da zai yi. Malamanmu sun daɗe da kafa ƙa'idar cewa kawar da mafsada ana gabatar da shi a kan jawo maslaha, kuma ban san inda ƙa'idar nan ta fi dacewa ba kamar ƙofar filin wasa. Amfanin tikiti bai tsaya ga tara kuɗi ba; da shi ne ake ƙirga kawuna, a san lokacin da wuri ya cika a rufe. Su kansu mutanen Düsseldorf da suka ce kyauta, ba su bar ƙofa a wangale ba: sai mutum ya nema tun da wuri, an ba shi takardarsa da sunan sashensa. Saboda haka ko da za a shigar da yaro ba ko dala, a ba shi takarda a hannu.

Akwai kuma zancen amana, wanda masu tallar tikiti ba su cika ambata ba. Fuƙaha'unmu na mazhabar Malikiyya sun shardanta a cikin ciniki cewa farashi ya zama sananne, abin saye ma ya zama sananne, don a kauce wa garari. Yanzu a duba ƙofar da ba a rubuta farashi a kanta ba, wadda mai tsaronta yake duban rigar mutum kafin ya faɗi kuɗi; wadda ake karɓar tikiti ba a yaga shi ba, a zagaya da shi baya a sake sayarwa; wadda ɗan gidan wane yake wucewa da ɗaga hannu, baƙon da ya biya kuɗin mota daga ƙauye kuma a tsare shi gaban 'ya'yansa ana ja-in-ja. Saurayi zai jure wannan, ya yi faɗa, ya shiga, ya manta. Magidanci ba zai yarda a ci masa mutunci gaban ɗansa sau biyu ba. Ya fi son a ce masa jika guda ce, ya san jika guda ce, da a ce masa dala ɗari ya je ya tarar da wata magana.

Me ya sa ƙungiyoyinmu ba su damu da duk wannan ba? Dalilin a fili yake ga wanda ya duba sunayen da ke cikin babbar gasar Nijar: ƙungiyar soja, da ta 'yan sanda, da ta jandarma, da ta dogarawan ƙasa, da ta kwastan, da ta kamfanin mai SONIDEP, da ta kamfanin wuta Nigelec. Waɗannan suna samun kuɗinsu daga hukumomin da suka kafa su, ko an zo kallo ko ba a zo ba, kuma wasunsu sun yi abin a yaba a Afirka, kamar ta soja da ta kai matakin rukuni a gasar Confederation ta 2010. A ƙetaren iyaka ma haka abin yake, gwamnatocin jihohi ne ke riƙe da Katsina United da Kano Pillars. Pillars dai, wadda aka kafa a 1990, ta ɗauki kofin zakarun Nijeriya a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ba ta da matsalar 'yan kallo, domin filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata yana cika ya batse da masu kirarin Sai Masu Gida. Sai dai in mutum ya duba taron da idon basira zai ga samari ne da matasan magidanta, ƙananan yara a hannun iyayensu kaɗan ne, mata kuwa sai an tona. Amma ƙungiyoyin gari irin na Maraɗi, waɗanda ba su da baitulmali a bayansu sai aljihun wani Alhaji mai kishin garinsu, wanda in ya gaji ko kasuwa ta juya masa baya ƙungiya ta durƙushe, su ne suka fi kowa bukatar jama'ar da za su riƙa zuwa suna biya kaɗan-kaɗan ba fashi, su ne kuma ya kamata su fara wannan aiki.

Abin mamaki shi ne irin tikitin da ya dace da mu ba sai an je Turai an ɗauko shi ba, yana nan a bakin filayenmu tun da daɗewa, ba a dai rubuta shi ba ne. Wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fili lokacin gasar babban hutu, wadda samarin Nijar ke kira TGV, ranar wasan ƙarshe da aka kewaye wuri da zana ko aka tsare ƙofar makaranta ana karɓar ɗan abin da aka yanka, ya san abin da nake nufi. Yara suna tsaitsaye a gefe, ƙafafu fututu da ƙura, wani da kwanon bara a rataye, suna duban fuskokin masu zuwa. Da sun hango dattijo mai sakin fuska, sai guda ya matso ya kama gefen rigarsa ya ce, "Baba, don Allah shiga da ni." Shi kuwa ba ya tambayar ɗan wane ne, sai ya dafa kansa, ya miƙa kuɗinsa, ya ce wa mai ƙofa, "Wannan nawa ne." Mai ƙofa ya san ba nasa ba ne, amma kunyar furfura ta hana shi magana, sai ya ce, "Bismilla, Alhaji, Allah ya ƙara girma," ya kauce. Waɗanda ba su sami mai shigar da su ba su haye katanga ko reshen bedi, su jira a buɗe ƙofa kusa da tashi. Ga urfi nan tabbatacce, kowa ya yarda da shi: babba guda yana ɗauke da yaran da ke hannunsa. Abin da ya rage shi ne ƙungiya ta mayar da shi doka, ta buga tikitin maigida, farashi guda, babba ɗaya da yara har huɗu ko biyar waɗanda ba su balaga ba, ba tare da an tambayi takardar haihuwa ko an bincika wace ce uwar wane ba, kowane yaro da ɗan guntun takardarsa, ta ƙofar da aka keɓe musu. Ta haka maraya da almajiri ma sun sami hanya, mai ƙofa kuma ya huta da jin kunya.

Bayan farashi sai wurin zama, kuma a nan ne nake ganin rabin aikin yake. Uwa ba ta tambayar nawa ne tikiti. Tambayarta ita ce wa zai kula da shi, a ina zai zauna, yaushe zai dawo. Sashen iyali yana bukatar inuwa, da ruwan sha, da makewayi mai tsabta, da nisa daga inda ake ɗura ashar ana busa hayaƙi ana jifa in an ci gida. Yana bukatar wurin alwala da 'yan tabarmi, domin wasanninmu galibi ana fara su ne daf da La'asar, kuma malamin da ya ce ƙwallo lahawu ne mai shagaltarwa daga salla yana da hujja muddin an bar abin haka. Ranar da aka ga uba ya ja 'ya'yansa salla a gefen fili kafin a take wasa, hujjar ta yi rauni. Yana kuma bukatar a tashi da wuri, domin mutanen Gabi da Ɗan Isa da ƙauyukan da ke kusa da dajin Baban Rafi, saboda halin tsaron da aka shiga a shekarun nan, ba mai son dare ya yi masa a hanya da yara. Game da mata da 'yan mata kuwa, waɗanda a yanzu ba su da rabo a fili sai na talla, kada a ce ba sa so tun ba a gwada ba. A watan Satumba na 2011, da hukumar ƙwallon Turkiyya ta hukunta Fenerbahçe, maimakon a yi wasa ba 'yan kallo sai ta ce mata da yara 'yan ƙasa da shekara 12 kaɗai za su shiga. Fiye da 41,000 suka zo kallon wasanta da Manisaspor. A ƙasar Musulmi aka yi wannan. In an keɓe musu sashe da ƙofarsu da mata masu kula da su, kamar yadda ake yi a wurin wa'azi da wurin biki, ban ga abin da shari'a ko al'ada za ta ƙi a ciki ba.

Yadda za a isar da labarin ga jama'a ba shi da wuya, in an bi hanyoyin da garin ya saba da su. Kokowa ta riga ta nuna mana. Tun da aka fara gasar Takobi a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, har aka sa wa dandalin kokowar Maraɗi sunansa, ba a taɓa rasa 'yan kallo ba, domin ana kai maganarta har zaure da harshen da mutane ke ji, da kiɗa da kirari da rediyo. Ƙwallo ma haka: sanarwa da Hausa a gidajen rediyo, mai shela ya zaga ranar kasuwa, a bi fada-fada inda samari ke shan shayi, a ba masu unguwa da shugabannin makarantu tikiti su rarraba, a saka a Facebook da WhatsApp don masu waya. Attajiri mai son a san shagonsa ya sayi tikiti ɗari biyu ya ba makaranta guda, a buga sunansa a baya. Wannan shi ne abin da kamfanonin Jamus suka yi, a ƙaramin ma'auni. Tikitin shekara kuma a sayar da shi da kaka, lokacin da manomi ya sayar da wake da gyaɗa kuɗi na hannu, ko a yarda a biya shi kashi-kashi, tun da mutanenmu sun san adashi. Mafi muhimmanci duka, a zauna da shugabannin tasha a yi yarjejeniya, mota ta tashi daga Madarunfa bayan Azahar ranar wasa ta dawo da mutane kafin Isha, kuɗinta a cikin tikiti, yaro rabin kuɗi. Domin mun riga mun gani a lissafinmu cewa a nan ne fiye da rabin nauyin yake.

Ina roƙon shugabannin ƙungiyoyin Maraɗi, da reshen hukumar ƙwallon ƙasa FENIFOOT na jiha, da hukumar garin Madarunfa, su gwada wannan a wasanni uku kacal na kaka mai zuwa: a rubuta farashi da manyan haruffa a allo a bakin ƙofa, a keɓe ƙofa guda da sashe guda na iyali, a buga tikitin maigida, a sa mota guda daga tasha. A ƙirga yaran da suka shiga a wasa na farko, a ƙirga na uku, sa'an nan a yanke hukunci a kan abin da aka gani.